Yara suna cewa 3³ tara ne: da me za a gina musu 27 su ƙirga da hannunsu?

Malamar aji huɗu, Gombe:
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema a kan darasin lambobin kiyub, wato lamba sau kanta sau kanta. Ka rubuta 2³ a allo yara su ce 6, ka rubuta 3³ su ce 9. Ka gyara musu yau, gobe su koma gidan jiya. Ajin yana da yara sama da 70, babu kayan koyarwa na kanti, kuɗin kashewa kuma kaɗan ne. Da wane abu za a yi aiki wanda yaro zai riƙe a hannu, guda nawa ake buƙata, kuma ta ina ake farawa?

Malamin lissafi, Azare:
Wa alaikumus salam Malama. Yaron da ya ce 3³ tara ne ba shirme ya yi ba. Ya ga uku a ƙasa, ya ga uku a kafaɗa, abin da ya saba yi da lambobi biyu shi ne ya ninka su. Kuma mu malamai ne muke ɗana masa tarkon tun a darasin murabba'i, domin misalin farko da muke bayarwa shi ne 2², wanda ko ta hanyar kuskure aka bi 4 za a samu. Sai yaro ya tafi da tabbacin cewa 'yar ƙaramar lambar nan ninkawa ake yi da ita.

Ki goge alamar daga allo tukuna, darasi biyu ko uku kada su gan ta. Ki ba kowane rukuni ƙwayoyin katako masu fuska shida daidai wa daida, duka girmansu ɗaya. Su jera uku a layi. Su ƙara layi biyu a jikinsa, ya zama uku ta nan uku ta can, su ƙirga: 9. Wannan shi ne hawa ɗaya. Sai ki tambaye su: tsawo uku, faɗi uku, bisa nawa? Za su ce ɗaya. Hawa nawa za a yi kafin bisa ya kamo faɗi? Ki bar su su yi gardamar da kansu. Su ɗora na biyu, 18. Su ɗora na uku, 27.

Inda mutane da yawa ke tsallakewa shi ne saukewa. Kada yara su ture ginin ya watse. Su sauke hawa na sama gaba ɗayansa su ajiye a gefe, su sauke na biyu su ajiye kusa da shi, su ga tara, tara, tara a shimfiɗe a kan benci. Daga nan bakinsu zai kama: uku sau uku tara, tara sau uku ashirin da bakwai. Su yi haka da 2, su yi da 4. Ranar da kika dawo da 3³ allo, abin da za ki faɗa kawai shi ne ƙaramar lambar tana nuna sau nawa ukun zai fito a cikin ninkin.

Hedimasta mai ritaya, Kumo:
Malam, ban ƙi taka ba, amma a yi la'akari da lokaci. Darasi minti 35 ne ko 40. Kafin a raba katako wa yara 70, a hana wannan jifan wancan, a tattara a ƙirga, an buga ƙararrawa. Lambobin nan goma ne kacal: 1, 8, 27, 64, 125, 216, 343, 512, 729, 1000. Yaron da ke haddace izu guda a makarantar allo, wannan abin kwana biyu ne a wurinsa.

Malamin lissafi, Azare:
Ranka ya daɗe, haddar tana da wurinta, ni ma ina so su haddace goman nan. Amma a gwada mai hadda zalla da tambaya ɗaya: ga kiyub na 3 a gine, ƙwaya nawa za a ƙara ya koma na 4? Yawanci zai ce ɗaya, ko ya ce 16, wato hawa ɗaya a sama. Amsar 37 ce. Wanda ya gina ya san sai an lulluɓe fuska uku, kowace da ƙwaya 9, ya kama 27. Sai a ga kwari uku sun rage a gefuna, kowane yana cin ƙwaya 3, ya kama 9. Sai rami ɗaya a kusurwa. 27 da 9 da 1. Wannan ba ya cikin jerin da aka haddace, kuma shi ne ginshiƙin abin da zai tarar a sakandare idan aka zo buɗe baka mai kiyub, irin (a + b)³.

Hedimasta mai ritaya, Kumo:
To na ji. Amma sai an warware mini maganar rabo da tattarawa, in ba haka ba kafin ƙarshen zango rabin katakon yana aljihun yara.

Kafinta, Bauchi:
Baba, za a zo kan wannan. Bari in fara da yadda ake yanka su, don a nan ake ɓata aikin tun kafin ya shiga aji.

A sayi allon katako guda, mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. A kai injin gogewa a goge fuska biyu har kaurinsa ya tsaya santimita 2 cif. Sai a tsaga shi a tsaye, kowace tsaga faɗin santimita 2. Bakin zarton inji yana cin kamar milimita 3 a kowane yanka, saboda haka kowace tsaga tana cinye santimita 2.3. Allo ɗaya zai ba da sanda 12 bayan an zubar da gefuna. Kowace sanda idan aka daddatsa ta za ta ba da ƙwaya wajen 150. Ku lissafa, kusan 1,800 ke nan daga allo ɗaya, ko an cire masu ƙulli da masu tsaguwa dubu ba za ta gagara ba.

Abin da ke kawo matsala guda uku ne, kuma na farko ya fi muni: ɗanyen katako. Katako ba ya raguwa ta tsawonsa sai kaɗan, ta faɗi da kauri yake motsewa. Idan aka yanka shi ɗanye da damina, hunturu na bugawa sai ka ga ƙwaya ta tsaya 2 ta gefe ɗaya, ta koma 1.9 ta sauran. Malaina tana da jinkirin bushewa sosai, obeche ya fi ta saurin bushewa kuma ba shi da nauyi. Hanyar ganewa: a yanki guntu a riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya bushe.

Na biyu, awo da fensir. Kada a yarda yaron shago ya riƙa zana layi yana yankawa ɗaya bayan ɗaya. A kafa guntun katako a jikin teburin injin ya zama madogara, kowace sanda ta tokare shi kafin a yanka. Kuskuren milimita 1 ba a ganinsa a ƙwaya ɗaya, amma idan aka jera goma ya zama santimita guda, rabin ƙwaya ke nan, ginin ya karkace. A ɗaure sanda huɗu ko biyar da salatif a yanka tare, kuma a riƙa turawa da sanda, ba da yatsa ba, don ƙananan guntaye suna tsalle daga bakin zarto.

Na uku, guga da sanfefa. Wasu sukan goge kusurwoyi har su zama kamar tsakuwar rafi, daga nan ba sa zama a kan juna. A zuba su a bokiti mai murfi tare da yagaggun sanfefa a yi ta girgizawa, kaifin kawai ake so ya mutu. Fenti kuwa a bar shi. Yana ƙara kauri ba daidai ba, da zafi yana sa su manne, ga shi yara suna kai abu baki.

Malamar nazare, Bauchi:
Maigida, awon ka ya yi daidai ga 'yan firamare, amma kada ƙwayar santimita 2 ta shiga ajin 'yan shekara uku. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan yara da shi a Amurka da Turai bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa abin da zai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Ƙwayar santimita 2 tana shigewa. Ga ƙanana a yi ta santimita 4 daga katakon tu-bai-tu, sanda ɗaya mai ƙafa 12 tana ba da wajen 80.

Kuma su ƙananan ba lamba ake koya musu ba. Froebel, Bajamushen da ya fara amfani da sunan kindagatin a 1840, yana ba yaro akwati mai kiyub ɗaya wanda idan aka buɗe ya rabu gida 8. Yaro ya wargaza, ya yi kujera, ya yi gada, amma ba ya tashi sai ya mayar da shi dunƙule ɗaya cikin akwatinsa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, tana da hasumiya ta kiyub 10, ƙaraminsu santimita 1 babbansu santimita 10. Dokar ita ce yaro ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya ninka na farkon sau 1000, kuma hannun yaro yana jin haka shekaru kafin ya san lambar. Idan kafinta zai yi wannan hasumiya, dole duka daga itace iri ɗaya kuma cikakku, ba akwati mai rami a ciki ba. In babban ya zama holoƙo nauyin ya yi wa yaro ƙarya.

Malamar aji huɗu, Gombe:
Na gode ƙwarai. Kafin a samu na katakon fa? Akwai mai cewa a yi da Maggi ko kwalin ashana.

Malamin aji biyar, Kaltungo:
Maggi yana yi don nuni na rana ɗaya, kwali ɗaya ya isa a gina 8 da 27 a teburin malami. Amma ba kayan da za a raba wa yara ba ne. Da zafi yana laushi, da damina yana jiƙa, takardar da aka naɗe shi tana da tudu a gefe ɗaya shi ya sa hawa na uku ke zamewa, sannan kin san inda sauran za su ƙare. Sukarin kwali kuma a sa masa rula tukuna, yawancinsa gefe ɗaya ya fi tsawo, ga tururuwa.

Inda babu kafinta kusa, yumɓu ya fi. A haɗa shi da yashi mai laushi kaɗan don kada ya tsage, a murza shi tsakanin sanda biyu masu kaurin santimita 3 don kaurin ya zo ɗaya, a yanka da zare ko bakin rula tun yana da taushi. A shanya a inuwa, ana juya su, rana kai tsaye tana busar da waje ta bar ciki sai su fashe. Za su ɗan ragu in sun bushe, ba laifi muddin kwaɓi ɗaya ne. Kada a gauraya na wannan mako da na wancan.

Kwalin ashana ni ban yarda da shi ba sam.

Hedimasta mai ritaya, Kumo:
Me ya sa? Uku ta tsawo, uku ta faɗi, hawa uku, ashana 27 ce. Lissafin bai canza ba, kuma kyauta ake tsintar kwalin.

Malamin aji biyar, Kaltungo:
Baba, lambar ta fito, siffar ce ba ta fito ba. Abin da zai tsaya a kan benci bulo ne mai tsawo. Tambayar da Malamin Azare ya gina darasinsa a kai, wato hawa nawa kafin bisa ya kamo faɗi, ba ta da amsa uku idan da ashana ne. Yaro mai ido zai ci gaba da ɗorawa har hawa shida ko bakwai yana neman ya ga ya daidaita, kuma shi ke da gaskiya. Marfin kwalbar lemo ma haka.

Malamin lissafi, Azare:
Ina tare da Malamin Kaltungo a darasin farko. Bayan yara sun ƙware, ashana tana da amfani ta wata fuskar: a ba su a ce me ya sa wannan 27 ne amma ba kiyub ba ne.

Akwai wani tarko da ya fi na ashana, shi ne zanen allo. Idan ka zana kiyub na 3, fuska uku ake gani, kowace da gida 9. Yaro ya ƙirga gidajen da idonsa ya gani ya samu 27, ka ba shi maki, alhali fuskoki ya ƙirga ba ƙwayoyi ba. A lamba 3 kaɗai wannan dacen yake faruwa. A kiyub na 2 zai samu 12 maimakon 8, a na 4 zai samu 48 maimakon 64. Don haka idan ana so a gane wanda ya fahimta, kada a yi gwaji da zanen 3. A ba su na 4.

Wani yaron kuma ƙwayoyin yake ƙirgawa, amma waɗanda ake gani kaɗai. A na 3 zai ce 19. Ya manta da na baya da na ƙasa da wadda ke binne a tsakiya. Maganinsa alli. A gina na 3, a shafa alli a duk fuskokin waje shida, har da ta ƙasa, sai an juya shi a hankali tsakanin littafi biyu. Kafin a wargaza a tambaya: akwai wadda alli bai taɓa ba? Aji zai rabu biyu. A wargaza a kasa su: masu alli a fuska uku 8 ne, su ne na kusurwa. Masu fuska biyu 12. Masu fuska ɗaya 6. Wadda ta fito fes guda 1. Jimla 27. A na 4 kason shi ne 8, 24, 24 da 8, kuma takwas ɗin nan da suka fito fes idan aka haɗa su kiyub na 2 ne. Tsumma mai ɗan danshi yana goge allin, kada a yi da alƙalamin maka.

Malamin Islamiyya, Misau:
Wani zai ce a sayo 'ya'yan ludo tunda a shirye suke. Shawarata a bar su. Iyaye da yawa a nan ba za su ji daɗi ba idan yaro ya koma gida ya ce da abin caca aka yi karatu, kuma ba sai makaranta ta jawo wa kanta surutu a kan abin da katako zai yi ba. Ban da haka ɗigon da ke jikinsu yana ɗauke hankali, ka ce a ƙirga ƙwaya yaro ya kama ƙirga ɗigo.

Ga mai neman abin da zai ƙara wa manyan yara sha'awa: Al-Karaji, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000 miladiyya, ya kafa hujjar cewa idan aka tara kiyub na 1 har zuwa na 10 za a samu murabba'in jimlar 1 zuwa 10. Jimlar 55 ce, 55 sau 55 kuwa 3025.

Malamin lissafi, Azare:
Allah ya gafarta Malam, ka kawo mu daidai kan amsar tambayar Hedimasta ta rabo da tattarawa. Ku tara huɗun farko: 1 da 8 da 27 da 64. Ɗari cif. Saboda haka kowane rukuni a ba shi ƙwaya 100, ba ƙari ba ragi. Da su zai gina kiyub huɗun farko a jere lokaci guda babu saura. In an gama kuma ɗarin nan tana kwanciya goma ta goma a cikin tire. Ba a ƙirgawa wajen tattarawa, shugaban rukuni ya kawo tire, in akwai gurbi ko ɗaya ido zai gani daga bakin ƙofa, kuma babu mai fita sai ya cike.

Mayarwar ma darasi ce idan aka bi ta a tsare. A sa ƙwaya 1 a kusurwa. A wargaza kiyub na 2 a zagaye ta ta gefe biyu, sai ga murabba'i uku ta uku, 9. A wargaza na 3 a ƙara, sai ga shida ta shida, 36. A wargaza na 4, sai tire ya cika, goma ta goma. Abin da Al-Karaji ya tabbatar ke nan, yaro ɗan aji huɗu yana yinsa da yatsunsa.

Malama, yara 70 rukuni 10 ne na mutum bakwai-bakwai. Tire 10, ƙwaya 1000, allon katako ɗaya. Ranar ƙarshe kowane rukuni ya kawo ɗarinsa a matsayin hawa ɗaya, a ɗora goma a kan juna a teburin malami, ga 10³ a tsaye.

Kafinta, Bauchi:
To in haka ne ga awon tiren. Gindi na filawud, cikinsa santimita 20.3 ta kowane gefe. Milimita ukun nan na sama dole ne, in ka yi 20 cif ƙwaya ta ƙarshe sai da guduma, da damina kuma katako ya kumbura ba za su fito ba. Bangon ya tsaya santimita 1 kawai, rabin ƙwaya, don yatsa ya samu wurin kamawa. Gefe ɗaya kada a buga masa ƙusa, a yi shi mai zarewa, ta nan za a turo hawa gaba ɗaya da rula ranar gina dubun. A gina shi a lungun da allo biyu suka haɗu, in ba haka ba daga hawa na shida gefuna za su fara zubewa. Zai tsaya santimita 20 ta ko'ina, nauyinsa kilo 3 zuwa 5 gwargwadon itacen. A ajiye tirukan a kan kanta, ba a ƙasa ko jikin bango ba, saboda gara.

Hedimasta mai ritaya, Kumo:
Wannan na tire ya gamsar da ni. Mutum bakwai a kan ƙwaya 100 dai sun yi yawa, biyu za su yi gini biyar su yi kallo. A raba musu aiki: ɗaya na 2, biyu na 3, uku na 4, ɗaya ya riƙe takarda yana rubuta adadin kowane hawa. Kashegari a juya.

Injiniyan gini, Gombe:
Bari in ƙara abin da zai haɗa darasin da rayuwa, don a wurin aiki manya ma suna yin kuskuren yaran nan. Rami mita 1 ta tsawo, 1 ta faɗi, 1 ta zurfi, da rami mita 2 ta kowane gefe. Mai gida zai ce wa lebura ninki biyu ne zai biya. Ƙasar da za a fitar ninki 8 ce, ban da wahalar jefo ta daga zurfi. A ba 'yan aji biyar da shida wannan a matsayin shari'a su yanke, da ƙwayoyin a gabansu.

Sannan a yi akwatin lita. A yanka kwali mai kauri, fuska biyar kowace santimita 10 ta 10, awon ciki nake nufi, a manne da salatif, sama a buɗe. Abin da yake ci santimita kiyub 1000 ne, shi ne lita ɗaya, in ruwa ne nauyinsa kilo ɗaya. Ledar fiya wata biyu masu rubutun 50cl ke nan. Amma kada a zuba ruwa a kwali, cikinsa yana buɗewa ya ci fiye da ƙima kafin ya jiƙe. A yi da gero ko busasshen yashi, ko a sa mai walda ya yi na langa-langa. A yi ƙaninsa mai santimita 5, a tambayi yara sau nawa za a juye shi kafin babban ya cika. Kusan duka za su ce biyu. A bar su su juye, ana share bakin da rula kowane karo. Sau 8 ne, don 125 yake ci.

Mita kiyub kuma sanda 12 ne masu mita ɗai-ɗai, gora ko karan dawa mai ƙwari, a ɗaure kusurwa takwas da robar tayar keke. Sai an gicciya igiya ko ƙarin sanda a fuska biyu ko uku, in ba haka ba zai kwanta gefe. Yara su shiga ciki su tsuguna. Lita 1000 ke nan, jarka 40 masu lita 25, ko duro 5 masu lita 200.

Malamar nazare, Bauchi:
Injiniya, gargaɗi ɗaya a kan na karan. Kada shi ya zama farkon abin da yaro zai gani. Ƙwarangwal ne, gefe 12 da kusurwa 8 yake nunawa, ciki iska. Yaron da ya fara da shi, ka tambaye shi kiyub na 2 zai kama ƙirga sanduna. Ya zo bayan sun saba da cikakken.

Ga masu son hanyar duwatsun ado irin ta Montessori: a zura duwatsu uku-uku a guntun waya, a lanƙwasa bakin, a yi guda 9, a haɗa su da ƙananan zobba su zama sarƙa. A miƙe ta a tabarma yaro ya ƙirga yana ajiye 'yar takarda a 3, 6, 9 har 27. Sai ya naɗe ta, kowane sanda uku su zama murabba'i, ya samu murabba'i uku, ya ɗora su. Ta 5 sanda 25 ce, duwatsu 125. Amfaninta shi ne yaro yana ganin tsawon lambar a ƙasa, ta 10 sai an fita baranda. Rauninta kuma duwatsu masu zagaye ne, akwai iska a tsakaninsu, don haka ba a auna lita da su.

Malamar aji huɗu, Gombe:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: ƙwaya 100 ba ta kai 125 ba. Yaya za a yi da na 5 zuwa na 9?

Malamin lissafi, Azare:
Rukuni biyu su haɗa tire, 200 ke nan, na 5 ya samu. Rukuni uku suna da 300, ya isa na 6 mai 216. Daga 7 zuwa 9 ba sai an gina duka ba. Su shimfiɗa hawa ɗaya, misali bakwai ta bakwai 49, su tsayar da ginshiƙi mai ƙwaya 7 a kusurwa ɗaya don a ga inda bisa zai kai, sauran su yi a takarda: 49 sau 7, 343. A nan ne hannu ke miƙa aikin ga biro, kuma in yaro ya ce ba sai ya gina ba ya riga ya gani, a ƙyale shi.

Lokacin haddar Hedimasta ma ya yi ke nan, kuma ga abin da zai sauƙaƙa ta. Su dubi lambar ƙarshe ta kowane. Na 1, 4, 5, 6 da 9 suna ƙarewa da lambarsu: 1, 64, 125, 216, 729. Biyu da takwas musaya suke yi, 8 da 512. Uku da bakwai ma haka, 27 da 343. Yaron da ya rubuta 7³ ya samu abin da bai ƙare da 3 ba, ya san da kansa akwai gyara.

Hedimasta mai ritaya, Kumo:
A rubuta goman a kwali a liƙa a bango, amma sai bayan ranar da aka gina dubun. Kuma Malam Kafinta ya yanka ƙarin 100 a ajiye a ofis, don ko da tire sai wasu sun ɓace. Daga allo ɗaya za a yanka su rana ɗaya, in aka koma yankan ciko daga baya awon ba zai zo ɗaya ba.